Yadda Muka Koyi Gyara wa Juna Rubutu a Wurin Aiki

Ofishin da nake aiki a Sakkwato yana shirya takardun wayar da kai kan lafiya, kuma babu takardar da mutum ɗaya yake rubutawa shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Aikin da ya fi koya mini yadda ake ba da gyara da yadda ake karɓarsa shi ne ɗan littafin da muka rubuta kan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara gida-gida lokacin damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi tun 2012 a yankinmu na Sahel. Mu huɗu muka yi aikin: wani dattijo da ya daɗe yana koyarwa kafin ya yi ritaya, wanda dukkanmu muke kira Baba, da wata ma'aikaciyar jinya mai ƙananan shekaru, da jami'in da ke kula da masu raba magani, sai ni da aka ɗora wa nauyin tace harshe.

A zamanmu na farko kowa ya karanta daftarin, kowa ya ce ya yi kyau, aka tashi. Sai bayan an watse ne mutane suka riƙa zuwa teburina ɗaya bayan ɗaya suna faɗa mini a asirce abin da suka gani bai yi daidai ba, domin babu mai son ya gyara wa Baba magana a gaban jama'a. Wannan kunya tarbiyya ce da aka yi mana, kuma ba na fatan mu rabu da ita, amma takardar da uwa za ta bi wajen ba ɗanta magani ba ta jure a bar kuskure a cikinta don gudun ɓata wa wani rai.

Sashen da Baba ya rubuta yana cewa a ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin sau ɗaya a kowane wata. Jimlar tana da daɗin karantawa, sai dai ta bar abubuwa biyu a waje. Maganin na yaran da suka kai wata 3 ne zuwa wata 59, saboda haka jaririn da bai kai wata 3 ba ba ya ciki. Kuma a kowane zagaye kwana uku ake yi ana sha: mai raba magani yakan tsaya a ba yaro na ranar farko a gabansa, sannan ya bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku ta bayar da kanta. Uwar da ta ji "sau ɗaya a wata" tana iya ajiye sauran ƙwayoyin har wata mai zuwa. Ma'aikaciyar jinyar ta ga wannan tun karatun farko, amma ta yi shiru. Da muka sake zama, na roƙe ta ta kawo maganar da kanta, kuma yadda ta kawo ta ya zame mini darasi. Ta ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman ƙarin haske ne. Idan uwa a ƙauye ta ji wannan layin, za ta gane cewa akwai sauran magani na kwana biyu a hannunta?" Baba ya sake karanta layin a hankali, ya ce, "Ɗiyata, ba za ta gane ba," ya ɗauki biro ya gyara da hannunsa.

Abin da na lura da shi shi ne, ba ta ce rubutunsa ba daidai ba ne, kuma ba ta ɓoye matsalar ba. Ta ɗauko mai karatu ta ajiye a tsakaninsu, sai maganar ta tashi daga kan wanda ya rubuta ta koma kan wadda za a karanta wa. Tun daga lokacin muka amince cewa duk mai kawo gyara zai faɗi wurin da ya tsaya, da abin da yake tsoron mai karatu zai fahimta, sannan ya kawo abin da yake ganin ya fi. Kalamai irin su "wannan bai yi ba" ko "a sake duba nan" mun daina karɓarsu, domin suna barin marubuci da ɓacin rai ba tare da sun nuna masa hanya ba.

Gardamar da ta fi cin lokacinmu ita ce ta karin harshe. Jami'in da ke kula da masu raba magani yana rubutu kamar yadda muke magana a nan, da "shina" da "wanga" da "munka" da "tahi", ni kuma ina mayar da su "yana" da "wannan" da "muka" da "tafi", kamar yadda daidaitacciyar Hausa ta tanada. Ya ji zafin wannan ƙwarai, kuma yana da hujja, domin a ganinsa ina goge muryar mutanen da yake aiki da su kullum in sa ta Kano. Sai da muka zauna muka rarrabe gyare-gyaren kafin muka samu natsuwa. Akwai gyaran da ya shafi gaskiyar bayani, kamar shekarun yara da kwanakin shan magani, wanda babu sassauci a cikinsa. Akwai wanda ya shafi ƙa'idojin rubutu, kamar haɗe "yana" da "yakan" da "gidansa", da raba "za su", da sa lanƙwasa a ɓ da ɗ da ƙ, abubuwan da masana suka daɗe suna daidaitawa har zuwa taron Yamai na 1980, kuma waɗannan ma ba na ra'ayin kowa ba ne. Sauran kuwa zaɓi ne, kuma a nan ne mai gyara yake yawan wuce gona da iri, ya canza jimlar abokin aikinsa don kawai shi ba haka zai faɗe ta ba. Mun tsai da shawara cewa abin da za a buga zai bi daidaitacciyar Hausa, tunda ita aka koya wa masu raba magani a makaranta, amma saƙon rediyo da na masu shela zai kasance da Sakkwatanci tsantsa, kuma jami'in ne mai magana ta ƙarshe a kansa. A cikin littafin ma mun bar "masassara" kusa da "zazzaɓi", saboda ita ce iyaye mata suka fi furtawa.

Karɓar gyara ya fi ba da shi nauyi. Ranar da sashena ya dawo mini cike da jan rubutu, na ga yadda zuciya take saurin tashi ta kare abin da hannu ya rubuta, tun kafin ido ya gama karanta dalilin mai gyara. Dabarar da ta yi mini amfani ita ce in karanta gyare-gyaren duka ba tare da na amsa ko ɗaya ba, in bar su su kwana, washegari in bi su ɗaya-ɗaya. Mafi yawansu nakan karɓa in yi godiya. Waɗanda ban gane dalilinsu ba nakan je in tambaya baki da baki, domin gajeren saƙo a waya yakan fito da kaushin da mai shi bai nufa ba. Akwai kuma waɗanda na ƙi, kuma ina ganin ƙin gyara da hujja haƙƙin marubuci ne. An so a cire layin da ke cewa yaron da yake da zazzaɓi a ranar rabo a kai shi asibiti a gwada shi maimakon a ba shi maganin rigakafi, wai don shafin ya yi tsawo. Na ce a rage ko'ina amma ban da nan, ma'aikaciyar jinyar ta goyi bayana, aka rage gaisuwar gabatarwa.

Wani abu da na nace a kansa shi ne kada a goge rubutun mutum a maye gurbinsa a ɓoye. A tsofaffin rubuce-rubucen hannu irin waɗanda ake ajiye da su a gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, mai dubawa yakan ga gyara a gefen shafi alhali asalin layin yana nan ana iya karanta shi, kuma malamanmu sun saba da muƙabala, wato ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana bin kwafin da ido. Mun ɗauki abubuwan biyu. A Microsoft Word muna kunna tsarin da ke nuna kowane canji da sunan wanda ya yi shi, yadda marubuci zai karɓa ko ya ƙi da kansa, kuma kafin a kai komai maɗaba'a sai mutum biyu sun zauna sun yi muƙabala, musamman a kan lambobi. Matsalar kwafi barkatai da ke yawo a WhatsApp kuwa mun magance ta da ajiye uwar takardar a hannun mutum ɗaya.

Gwaji na ƙarshe mun yi shi ne a wajen ofis, inda muka karanta daftarin ga wasu mata masu raba magani daga Wamakko da Boɗinga, muka roƙe su su maimaita mana abin da suka ji da nasu kalmomin. Duk inda abin da suka maimaita ya saɓa wa abin da muke nufi, mun sa alama, ko da jimlar ta wuce ta hannun dukkanmu huɗu ba tare da wani ya ce uffan ba. A nan ne suka nuna mana cewa bayanin abin da za a yi idan yaro ya yi amai jim kaɗan bayan shan magani yana can ƙarshen shafi, alhali ita ce tambayar da iyaye suka fi yi musu a ƙofar gida. Mun dawo da shi sama, kusa da bayanin ranar farko, muka rubuta a fili cewa idan aman ya zo cikin minti 30 a sanar da mai raba magani domin a sake ba yaron, sannan Baba da ma'aikaciyar jinyar suka yi muƙabalar shafin kafin a tura shi maɗaba'a.