Geron da ke cikin huhu

A shekarata ta farko a ɗakin ɗaukar hoton ƙirji, a wani asibiti nan Kaduna, gani nake na gama sanin tarin tibi. An koya mana mu duba saman huhu, daidai ƙashin wuya, can cutar ta fi son zama, in ta daɗe kuma ta rarake wurin ya zama kogo. Ni dai kogon kawai nake nema.

Sai ga wani dattijo daga Rigasa. Wata biyu yana zazzaɓi da gumin dare, ya rame ƙwarai, amma tarin kaɗan ne. Na ɗora hoton a kan fitila, ban ga kogo ba, na ce wa ɗansa, "Alhaji, ƙirjin Baba lafiya lau." Ba ni ma da hurumin faɗin haka, rawar kai ce kawai.

Da likita ya zo, sai ya kashe wutar ɗakin ya ce, "Malam, matso. Ka taɓa shanya gero?" A lokacin na gan su: fararen ɗigo-ɗigo, kowanne milimita 1 zuwa 3, sun cika huhu biyu daga sama har ƙasa kamar an watsa da hannu. Haka tibi take yi idan ƙwayar cutar ta faɗa cikin jini, har hanta da saifa takan kai. Ashe sunan wannan nau'in a likitance ma, wato miliary, daga kalmar gero a Latin aka samo shi.

Baba bai iya kawo majina ba, don haka aka ciri kaluluwar da ta kumbura a wuyansa. Na bi ta har ɗakin gwaji saboda kunya da son sani. Da aka tsaga ta, cikinta fari-fari ne, yana marmashewa kamar cuku. A ƙarƙashin madubin likita aka nuna mini mataccen nama a tsakiya, ƙwayoyin garkuwar jiki sun yi masa ƙawanya, wasu sun haɗe sun zama ƙattai, cibiyoyinsu a jere kamar kofaton doki. Ita kanta ƙwayar tibi da likitan Jamus Robert Koch ya gano a 1882, sai da aka rina naman, aka daɗe ana laluben ta, kafin a ga 'yan jajayen sanduna guda biyu a kan shuɗi.

Aka ɗora shi a kan magani na wata 6, kyauta. Da ya dawo hoton ƙarshe, geron ya washe. Ɗansa bai taɓa tuna mini maganar da na yi ba, ni ne dai na kasa haɗa ido da shi ranar.