Alhamdulillahi Na Kama Aiki: Godiya da Neman Yafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa da abokan arziki, ranar Litinin ɗin da ta wuce na kama aiki a wani kamfanin sarrafa shinkafa a nan Kano, a matsayin mataimakin akanta. Wata 16 ke nan cif tun ranar da na cire kakin bautar ƙasa na ninke shi a akwati. Tun da labari ya fita wayata ba ta huta ba, kuma wallahi ko rabin saƙonnin ban iya amsawa ba. Yaba kyauta tukuici, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni, don wasu godiya suke bi na, wasu kuwa ban haƙuri.

Waɗanda muka yi makaranta tare sun san yadda karatun shekara 4 ya kusa kai mu 6. Mun shiga jami'a a farkon 2018. Yajin aikin malamai ya ci wata 3 daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2019, na 2020 ya haɗu da korona suka lashe kusan shekara guda, na 2022 kuma ya kama daga Fabrairu har Oktoba. Ba don in ɗora wa kowa laifi na kawo wannan ba, sai don lissafin shekaru, wanda daga baya ya zame min ƙarfen ƙafa. Na yi bautar ƙasa a jihar Oyo, sansani a Iseyin, na koyar da lissafi a wata sakandare kusa da Ibadan, ina lallaɓa alawus ɗin naira 33,000 a lokacin da cire tallafin mai ya riga ya ɗaga farashin komai. Dattijon nan na unguwar Sabo a Ibadan da ya ba ni ɗaki wata 2 kafin in samu wurin zama, bai san ni ba bai san iyayena ba, Allah ya saka masa da gidan Aljanna.

Na dawo gida a ƙarshen 2024 da sakamako mai kyau a hannu da shekara 27 a kai. Nan na fara cin karo da layin nan da ke ƙasan tallar ɗaukar sababbin ma'aikata a bankuna da manyan kamfanoni: kada mai nema ya wuce shekara 26, wasu su ce 27. Wato kafin ka ɗaura takalmi an busa tashi.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba.

Wata guda da dawowata wani kamfani a nan gari, ba zan kama suna ba, ya ɗauke ni gwaji. Da baki aka yi maganar, babu ko fallen takarda: in yi wata 3 ana ba ni naira 70,000, daidai mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, in an ga ƙwazona a ba ni takardar aiki. Watan farko ya ƙare aka ce in yi haƙuri, kasuwa ta tsaya. Na biyu aka ba ni ɗan na mota. A ƙarshen na uku, bayan na ranci kuɗin adaidaita sahu har na rasa wurin wanda zan kuma zuwa, na tambayi manaja haƙƙina. Kuskurena, kuma na yarda kuskure ne, a gaban mutane na tambaya, murya kuma ta ɗan ɗaga. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya ce, "Yaro, garin nan da kake gani ƙarami ne. Mu masu ɗaukar aiki duk mun san juna, zaure ɗaya muke a WhatsApp. Je ka, sai mu ga inda za a ɗauke ka."

Wannan maganar ita ta tokare min ƙirji kusan shekara guda.

Ina da wani littafin rubutu mai falle 60 da nake rubuta duk inda na nema da kwanan wata. Wuraren sun haura 100. Na bi tallar aiki a Jobberman da LinkedIn har data ta zama ita ce babban kashe kuɗina. Na taka unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa da ƙafata, inda ƙofofi da yawa kwaɗon da ke jikinsu ya riga ya yi tsatsa. A wata ƙofar da ke buɗe, mai gadi ya karɓi ambulan ɗina da mutunci, har da addu'a, ya sunkuya ya jefa ta cikin wani kwali a ƙarƙashin bencinsa. Kwalin ya cika da ambulan irin tawa, a samansu an ɗora buta da tabarmar sallah. Ban ji haushinsa ba. Da na juyo ne kawai na ga ba na ganin titi sosai.

Shiru daga wurin da bai taɓa ganinka ba yana da sauƙi. Abin da ya rikita ni shi ne sau 3 ina kaiwa matakin ƙarshe. Na ci jarrabawa, na ci intabiyu, aka ce in kawo takarduna da sunayen waɗanda za su ba da shaida a kaina, daga nan kuma ɗif, kamar an aiki bawa garinsu. Ɗaya a Abuja ne. Umma ce ta roƙi matan adashinsu su ba ta kwasar watan don in yi kuɗin mota, na tashi daga Unguwa Uku da asuba da kwat ɗin Yaya a cikin leda, na kwana a ɗakin abokina a Mararaba mu huɗu a katifa biyu. Shugaban masu tambayar har ya miƙo min hannu ya ce sai mun haɗu. Har yau ba mu haɗu ba.

Sai na ce wa kaina ruwa ba ya tsami banza. Na gama yanke hukunci cewa manajan nan ya cika alkawarinsa, sunana yana cikin baƙin littafi, duk inda na je ana latsa waya a ga an shafa min kashin kaji. Zato kuwa in ya samu gindin zama ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Akwai abokina tun aji ɗaya na jami'a, wanda shi ya yi min hanyar wancan gwajin, kuma yana aiki a can har lokacin. Na sa a raina da shi ake haɗa baki, shi ke kai rahoton duk inda na nema. Na daina ɗaga wayarsa. Ya aiko min da katin ɗaurin aurensa har gida, na ƙi zuwa, na ce zazzaɓi nake yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

A gida ma kowa da nasa fassarar. Gwaggo ta ce wannan ba aikin ofis ba ne, hannu ne, ta zo da rubutu a galan da ƙullin turare. Na sha, don ƙauna ce ta kawo ta tun daga Ɗanbatta. Baba bai ce mata komai ba, sai da ta tafi ya ce min, "Ka riƙe azkar ɗinka, ka ci gaba da fita. Namiji ba ya zama a ɗaki yana ƙirga maƙiya." A tsakiyar wannan hali ne wani ya zo da maganar ofa: in aka kawo naira miliyan 1 da rabi, akwai gurbi a wata ma'aikatar tarayya, sunana zai fito cikin mako 6. Kunyar faɗa nake, amma ni na matsa wa Baba, har ya fara maganar sayar da fulotinsa guda ɗaya tak. Kawu ne ya taka birki. Ya tuna mana zaman binciken da kwamitin majalisar wakilai ya yi a 2023 kan cinikin guraben aiki, da mutanen da suka fito suna ba da labarin kuɗin da suka biya. Ya ce, "Ko da aikin gaskiya ne, ka fara cin albashi da rashawa? In kuma ƙarya ne, fuloti ya tafi, wa za ka kai wa ƙara?" Na yi mako biyu ina gaishe shi a daƙile. Kawu, ga shi yau ina faɗa a bainar jama'a, kai ne da gaskiya.

Wadda ta warware min ƙullin kuwa ba danginmu ba ce, ba ma Bahaushiya ba ce. Wata Bayarabiya ce, jami'ar ɗaukar ma'aikata a wani kamfani a Kaduna, wuri na uku da suka yi min shiru bayan na kai ƙarshe. Rannan zuciya ta ɗebe ni na aika mata imel mai zafi, na ce ina roƙonta da girman Allah ta gaya min wanda ya ba su sunana. Na ɗauka ko ta share ko ta toshe ni. Sai ga kira bayan magariba, ta tashi daga aiki, ina jin ƙarar motoci a bayanta. Ta ce ita ba ta ga sunana a wani jeri ba, amma ta ga fayil ɗina, kuma in ina da biro in rubuta.

Ta ce kafin su ba mutum aikin da ya shafi kuɗi sai sun tantance takardunsa. Da suka duba NIN ɗina, sunan mahaifina an rubuta Mohammed, a takardun makaranta kuma Muhammad, ranar haihuwa kuwa 1 ga Janairu 1995 aka sa, alhali WAEC ɗina 1997 ta nuna. Nan take na tuna shagon da na yi rajistar a lokacin rububin haɗa NIN da layin waya a ƙarshen 2020, mutane cunkus, mai kwamfuta yana bugawa yana waya, ni kuma na karɓi takarda na ninke ban ko karanta ba. Shekara 5 ina yawo da ita a aljihu. Sannan malamina da na sa a matsayin mai ba da shaida, layinsa ya daɗe da mutuwa, ashe ya bar ƙasar ban sani ba. CV ɗin ma, ta ce, hoton takarda ne aka ɗauka a shagon intanet aka mayar PDF, manhajar da manyan kamfanoni ke tace masu nema da ita haruffa take karantawa, a wurinta ni farar takarda na aika. Wannan kaɗai ya ishe ni bayanin shirun wurare da dama.

Ta ɗan yi jim, sannan ta faɗi na ƙarshe. Wancan gwajin na wata 3 da na rubuta a CV don kada a ce ban taɓa aiki ba, sun kira kamfanin, aka ce musu ba a san mai wannan suna ba. A idon mai tantancewa, na yi ƙarya ke nan. Ta ce, "Ɗana, aikin da ba ka da takardarsa, cire shi."

Na daɗe zaune a dakalin ƙofar gida bayan ta kashe wayar. Ashe dai maganar manaja ba ta faɗi ƙasa banza ba, sai dai ba ya buƙatar wani baƙin littafi, ni da hannuna nake rubuta lambar ofishinsa ina miƙa wa mutane. Kuɗina na wata 3 da wannan amsar da aka bayar, na bar su tsakaninsa da Allah.

Gyaran ya ci kusan wata 3: takardar rantsuwa a kotu, shaidar haihuwa daga hukumar ƙidaya, cigiyar gyaran suna a jarida, sannan jiran a sabunta bayanan. A wannan tsakanin ina zaune a rumfar POS ɗin maƙwabcinmu, wanda ya ba ni amanar kuɗinsa a lokacin da ni kaina ban yarda da kaina ba, kuma shi ya zama sabon mai ba da shaidata tare da shugaban makarantar da na yi wa hidima. Wata ƙanwar abokina ta sake buga min CV daga farko. Wuri na huɗu da na nema bayan gyaran su ne suka kira.

Madam, ba na jin za ki ga wannan, kuma ko kin gani sai an fassara miki, amma Umma ta sa ki a addu'arta ta asuba tun daga ranar. Allah ya raya miki zuriya.

Umma da Baba, ba ni da bakin gode muku. Ban taɓa jin kalmar gori daga bakinku ba, ko ranar da na dawo daga Abuja hannu rabbana. Allah ya ba ni ikon yi muku abin da ya fi haka, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Yaya, kai da matarka, kwanon da ake aiko min da dare ba a taɓa fashi ba. Mai shayin bakin layinmu da ya buɗe min shafi a littafin bashinsa bai taɓa karanta min shi a gaban mutane ba, Malam, albashin farko da kai za a fara. 'Yan majalisarmu da kuka jure fuskata a murtuke, da limaminmu, da duk wanda ya turo min talla ko da ba ta dace da ni ba, da wanda ya saka min data cikin dare bai faɗi sunansa ba, Allah ya biya ku, ya bar zumunci.

Sai kai, abokina ango. Na je gidanka ranar Juma'a na faɗa maka da bakina, ka yi dariya ka ce ya wuce, har amarya ta kawo min abinci. Amma a gaban mutane na yi maka zato, wasu a majalisa sun ji na kama sunanka, don haka a gaban mutane zan wanke ka. Ba ka da hannu a komai. Na ma samu labarin kai ne ka yi ta bin kuɗina a wancan ofishin har aka ja maka kunne. Ka yafe min, don Allah.

Abokan karatunmu da yawa har yanzu suna kan nema, wasunsu sun fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, ina roƙon a sa su a addu'a. Littattafan gwajin jarrabawar ɗaukar aiki da na tara suna nan, mai buƙata ya yi min magana ya zo ya ɗauka. Kwat ɗin Yaya kuma yana wurin mai wanki, Asabar in sha Allah zan mayar, sai dai a yi haƙuri, maɓalli ɗaya ya faɗi tun a Zuba.