Horo ko kuɗin zama?

Ƴan uwa, tun da na fara karatun masta kan horar da ma'aikata, kallon da nake yi wa tarukan horon da ake shiryawa a otal-otal na Maraɗi ya sauya. Malaminmu ya koya mana ma'aunin Kirkpatrick, wani Ba'amurke da ya fitar da shi a 1959. Hawa huɗu ne: ko mahalarta sun ji daɗin horon, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya sauya bayan sun koma ma'aikata, sannan ko ma'aikatar ta ga amfani.

Mu kuwa a hawan farko muke tsayawa. A raba takarda, kowa ya rubuta abinci ya yi daɗi, a karɓi kuɗin zama, a watse. Ba mai komawa bayan wata uku ya duba ko akawun nan ya gyara lissafinsa.

Wallahi makanikin babur ya fi mu bin hawa na uku, don ba ya yaye yaronsa sai ya ga ya kwance inji ya haɗa, babur ya tashi. Kan wannan zan rubuta kundin kammala karatuna, in sha Allah. Wanda ya san garejin da zai karɓe ni, ya yi mini magana.