Fitilun kwalliya a shagon gyaran kwamfuta

Shekara tara ke nan ina gyaran kwamfutar tafi-da-gidanka a wani ɗan shago kusa da Babbar Kasuwar Yamai, ni da yara biyu. Abin da ke ciyar da mu sananne ne: allo ya fashe, bakin caji ya saki, ƙurar hunturu ta toshe fanka. Amma tun da kwamfutocin wasa 'yan gwanjo suka fara shigowa daga Turai da Dubai, sai ga wani sabon aiki ya ɓullo, wai fitilun kwalliya.

Wanda ya fara kawo mini irin wannan wani ɗalibi ne na Jami'ar Abdou Moumouni. Ya aje wata ASUS a kan tebur, ya buɗe, sai maɓallan suka shiga sauya launi, ja, kore, shuɗi, kamar motar amarya.

"Kawu, don Allah ka tsinke mini wayar fitilar nan. Idan aka ɗauke kuran da dare, abokan ɗakina ba sa iya barci."

Na ce, "Ɗana, ba a yanke hannu don ƙaiƙayi. Zauna."

An goge masa Windows ne aka sa sabo, manhajar da ke kula da fitilun ta tafi, injin ya koma launin da ya fito da shi. A yawancin injinan, Windows ba ya taɓa fitilar da kansa. Akwai wani ɗan ƙaramin guntu a jikin babban faifan injin, masu sana'a na ce masa EC, shi ke riƙe da fanka, da caji, da maɓallai, da fitilu. Tsarin aikin kwamfuta aike kawai yake yi masa, kuma sai da ɗan aiken da ke jin yarensa, wato manhajar kamfanin. Na ASUS shi ne Armoury Crate, na Lenovo Vantage, na Alienware Command Center. Kowane kamfani da nasa, kuma wasunsu suna da nauyin da sauke su kaɗai ke cinye kuɗin intanet na yini. Shi ya sa nake tara su a wani faifai da ke cikin durowa. Na ASUS na sa masa, na kashe fitilar. Jikka biyu na karɓa a hannun yaron, ban kwance ko ƙusa ɗaya ba.

A 2023 Microsoft ya sa wa Windows 11 wurin sarrafa fitilu, wanda a injinanmu masu Faransanci ake gani da sunan Éclairage dynamique. Yana da kyau, sai dai tsofaffin injinan da ke zuwa hannunmu galibi ba su san da zamansa ba.

Ni dai Linux, wani tsarin aikin kwamfuta kishiyar Windows, ya fi kwanta mini a wannan fanni, domin komai a fili yake. Ka shiga ma'ajiyar fayiloli mai suna /sys/class/leds, za ka tarar kowace fitilar da tsarin ya gane tana da ɗakinta. A ciki akwai fayil mai suna brightness: ka rubuta 0 da izinin mai gida, wato babban mai iko da injin, ta mutu. Na kusa da shi, max_brightness, shi ke gaya maka iyakarta. A ThinkPad na Lenovo hasken maɓallai daga 0 zuwa 2 ne, a ASUS yakan kai 3. Akwai kuma trigger, wanda da shi za ka sa fitila ta riƙa ƙyafta duk lokacin da faifai ke aiki, ko ta buga kamar zuciya. Jan ɗigon nan na saman harafin i a murfin ThinkPad ma, a wasu samfura ana kashe shi ta nan. Wasu fitilun suna komawa yadda suke idan aka sake kunna injin, sai in rubuta ɗan umarni da zai gudana a kowace tashi. Masu launuka da yawa kuwa nakan gwada manhajar OpenRGB, wani lokaci a dace.

Akwai ranar da na yi wauta. Wani inji ya ƙi nuna fitilarsa a ko'ina, sai na ce bari in rubuta wa EC kai tsaye. Na kuskure gurbi, fanka ta tsaya cik, ga shi watan Afrilu, zafin Yamai na dukan kwano. Ƙamshin roba ne ya ankarar da ni. Na kashe shi, na cire batiri, na danne maɓallin kunnawa, Allah ya rufa asiri ya dawo. Tun ranar na hana yarana taɓa wurin.

Masu cewa a kashe don batiri ya daɗe, nakan gaya musu gaskiya: hasken allo ya fi fitilun ci nesa ba kusa ba, shi za su fara ragewa.

Makon jiya wani Alhaji ɗan kasuwa ya kawo ta ɗansa. Shi ba kashewa yake so ba.

"Malam, a bar mini kore kaɗai, kar ya motsa."

Ƙaramin yarona ne ya yi aikin, ni ina shan shayi.