Tuscaloosa bayan Saban: abin da na gani a wasan gwajin Alabama

Daga Atlanta zuwa Tuscaloosa tafiyar kusan mil 200 ce a mota, kan babbar hanyar I-20 da ta ratsa Birmingham. Da zarar an shiga jihar Alabama agogo yakan koma baya da awa ɗaya. A zuwa wannan ba matsala ba ce, a dawowa ne yake ritsawa da mai sauri ya kama jirgi. Na bi hanyar ne a makon ƙaramar salla, don in kalli wasan gwajin ƙwallon Amurka da Jami'ar Alabama ke yi duk shekara, wanda suke kira A-Day, inda 'yan ƙungiyar ke karawa da junansu, karon farko bayan kocinsu Nick Saban ya ajiye aiki. Na shekarar ya faɗo ranar Asabar, 13 ga Afrilu, 2024.

Ɗakunan otel a Tuscaloosa sukan cika a irin wannan mako, kuɗinsu kuma ya yi tashin gwauron zabo, don haka na sauka a Birmingham, mil 60 kacal. Maganar abinci kuwa, gasasshen naman da ake alfahari da shi a nan galibi na alade ne. A tambaya kafin a saya. Soyayyar tarwada da kaza suna ko'ina. Shiga filin kyauta ne ranar, amma ba a barin jaka sai ta roba wadda ake ganin cikinta.

Filin wasan jami'ar, Bryant-Denny, yana ɗaukar mutum 100,077. A ƙofarsa ta arewa akwai mutum-mutumin kociyoyi biyar da suka ciyo wa makarantar kofin ƙasa: Wallace Wade, Frank Thomas, Paul Bryant, Gene Stallings da Nick Saban. Wanda bai ci kofi ba, ba shi da wuri a layin, komai yawan wasannin da ya ci. Ma'aunin da za a auna sabon koci Kalen DeBoer da shi ke nan, kuma kullum zai wuce ta gabansu.

Saban ya ajiye aiki ranar 10 ga Janairu, 2024, bayan kaka 17, da kofin ƙasa shida a Alabama, ban da wanda ya ci a Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a 2003. Kwana biyu bayan haka shugaban wasanni Greg Byrne ya ɗauko DeBoer daga Jami'ar Washington, aka ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 87. Mutumin ba baƙon nasara ba ne. A ƙaramar jami'ar Sioux Falls ya ci wasa 67 ya faɗi uku kawai, a Washington ya ci 25 ya faɗi uku, ya kai wasan ƙarshe na ƙasa inda Michigan ta doke su 34 da 13. Sai dai ɗan Dakota ta Kudu ne, kafin zuwansa bai taɓa aiki a SEC ba, wato gasar jami'o'in kudu da Alabama ke ciki, kuma a kudancin Amurka sanin kociyoyin sakandare na Jojiya da Florida da Louisiana rabin aikin ne, domin daga hannunsu ake samo yara.

Aikin farko da ya tarar na riƙe 'yan wasa ne. Ƙa'idar wancan lokaci ta ce idan koci ya tafi, 'yan wasansa suna da kwana 30 su shiga rajistar sauya makaranta. Caleb Downs, wanda ya fi kowa a tsaron baya, ya koma Ohio State. Isaiah Bond ya tafi Texas, shi ne fa ya cafe jifar yadi 31 da ta ba Alabama nasara kan Auburn a Nuwamban 2023. Kadyn Proctor ya tafi Iowa, daga baya ya waiwayo. Har a cikin kociyoyi an yi rashi: Ryan Grubb, wanda ya tsara wa Washington harinta, ya biyo DeBoer, bai yi wata guda cikakke ba ƙungiyar Seattle Seahawks ta gasar ƙwararru ta NFL ta janye shi. Aka ɗaga Nick Sheridan ya maye gurbinsa.

Wanda ya zauna shi ne Jalen Milroe, kwatabak, wato mai karɓar ƙwallo ya jefa ko ya ruga da ita. A nan ne na fi zuba ido. Tsarin DeBoer a Washington an gina shi ne kan kwatabak Michael Penix, wanda ya jefa yadi 4,903 a 2023. Ana motsa 'yan wasa kafin a fara, don a gane ko masu tsaro mutum-da-mutum suke bi ko yanki suke tsarewa, sannan mai jifa ya saki ƙwallo kan lokaci, tun mai cafewa bai juyo ba. Milroe ba haka yake ba. Yana da hannu mai kai ƙwallo nesa, ga gudu, a 2023 ya ci sau 23 ta jifa da 12 da ƙafarsa. Rauninsa jifar tsakiya ce, ta yadi 10 zuwa 20, da kuma riƙe ƙwallo ya daɗe yana jiran babbar dama. Abin da ya sa aka kayar da shi da ƙwallo a hannu fiye da sau 40 ke nan, ko da yake layin ƙarti biyar ɗin da ke kare shi ma yana da nasa laifin. A wasan Rose Bowl, na kusa da ƙarshe a kofin ƙasa, da Michigan ta ci Alabama 27 da 20, miƙa ƙwallo daga na tsakiya zuwa Milroe ya yi ta zuwa ƙasa-ƙasa, har a damar ƙarshe. Idan mai jifa ya sunkuya ɗaukar ƙwallo, idonsa ya bar masu tsaro, lissafin lokaci ya rushe. Shi ya sa DeBoer ya taho da Parker Brailsford, na tsakiyar layin Washington da aka ba kyautar Joe Moore ta layin da ya fi kowane a 2023.

Kada dai a ɗora wa wasan gwaji nauyin da ba nasa ba. Atisaye 15 kawai doka ta yarda a yi a wannan lokaci, A-Day ne na ƙarshe. Ba a taɓa kwatabak, da an kusance shi alƙali ke busa usur, saboda haka ba za ka san ko ya daina jinkiri ba. Kociyoyi kuma ba sa nuna dabarunsu a talabijin. Abin da za a iya karantawa shi ne tsari: ko an jeru daidai, ko ƙwallo na fita da wuri, ko ana tafka kurakuran da ke jawo tara. A wannan ma'auni masu hari sun yi kyau a farko, Germie Bernard da ya biyo koci daga Washington ya yi ta samun fili a bayan masu tsaro. Mutum sama da 70,000 suka yi ta shewa. Ni kuwa wannan filin da yake samu shi ne ya dame ni.

Terrion Arnold da Kool-Aid McKinstry, masu tsaron gefe biyu, sun tafi neman shiga NFL, haka ma Dallas Turner mai farautar kwatabak. Tsaron baya shi ne sashen da Saban ya riƙa koyarwa da kansa, a lokacin ga shi kusan an kwashe shi, sai Malachi Moore ya rage cikin manya. Kane Wommack, wanda ya bar kujerar babban koci a South Alabama ya zo ya riƙe tsaro, yana jera huɗu a gaba, biyu a tsakiya, biyar a baya, kuma yana son 'yan baya su sa ido kan mai jifa. Tsarin na kawo ƙwace ƙwallo, amma idan yaro ɗaya ya bar yankinsa ya bi abin da ba nasa ba, an ci yadi 50. Yara sababbi kuwa haka suke yi, musamman a filin wasu inda ihu ke hana su jin juna.

Jadawalin kakar 2024 da ke gabansu a lokacin bai yi musu sauƙi ba. Za su je Wisconsin a Satumba, Jojiya ta zo musu ranar 28 ga watan, sannan su je Tennessee da LSU da Oklahoma, wadda ita da Texas suka shigo SEC a 2024 aka zama 16. Abin da zai ba DeBoer numfashi shi ne an faɗaɗa gasar kofin ƙasa daga ƙungiya huɗu zuwa 12. Wanda ya ci 10 cikin 12 a SEC da wuya a bar shi a waje. Uku idan suka zube, sai dai addu'a. Hasashena tara ne ko goma, kuma faɗuwar a waje za ta zo, ta hanyar tsaron baya.

Ko magoya baya za su haƙura da tara, wannan wata magana ce. Ray Perkins da ya gaji Bryant a 1983 kaka huɗu ya yi ya koma NFL. Saban kuma bai yi nisa ba, an ba shi ofis a cikin filin a matsayin mai ba da shawara. Da yamma na bi jerin motoci zuwa Birmingham, a gidajen rediyo masu kiran waya sun riga sun fara gardama kan ko Milroe ne ya kamata ya fara wasan Western Kentucky na 31 ga Agusta.