Jerin cefane ɗaya a salula huɗu: wace buɗaɗɗiyar manhaja ce za ta jure rezon Yamai?

A gidaje da butikoci da yawa na Yamai, jerin abin da za a saya a WhatsApp yake yawo. Uwargida ta turo saƙon murya, yaron aike ya maida amsa daga Katako, kafin azahar jerin ya nutse ƙarƙashin gaisuwa da hotuna. A sayo man gyaɗa sau biyu, a manta da gishiri. Wanda ya gaji da haka yakan nemi abu irin Google Keep, manhajar rubutu da jeri ta Google, amma wanda zai zauna a kwamfutarsa ba a hannun kamfani ba, kuma lambobin da aka rubuta shi da su a buɗe suke ga kowa. Irin waɗannan manhajoji sun yi yawa, kuma hotunansu duk kyau gare su. Abin da ke raba su a nan tambaya ɗaya ce: me zai faru idan mutum biyu suka taɓa jeri ɗaya alhali ɗayansu ba shi da rezo?

Gwajin ba wuya. Ka rubuta jeri mai abu goma, ka raba shi da salula ta biyu, ka kashe intanet a dukansu. A ta farko ka soke shinkafa, a ta biyu ka soke albasa ka ƙara tattasai. Sannan ka kunna. In jerin ya fito guda ɗaya da gyara ukun nan, manhajar ta ci. In ya rabu biyu, ko gyaran wani ya shafe na wani, to ba ta jerin haɗaka ba ce, komai kyanta.

Dalilin yana ga yadda ake adana abin. A manhajojin rubutu irin su Joplin da Nextcloud Notes, jerin cefane rubutu ne guda ɗaya, layukan da ake sokewa duk suna cikinsa. Mutum biyu sun gyara, saba, wato kwamfutar da ke riƙe wa kowa bayanan, ta ga kwafi biyu na abu ɗaya. Joplin sai ta ɗauki ɗaya ta jefa cikin wani littafi na musamman da ta ware don rubutun da suka yi karo, ta bar maka aikin haɗawa da hannu. Ba a yi asara ba, amma wanda ke tsaye gaban mai tumatir a Babbar Kasuwa ba zai tsaya yin wannan ba. A tsarin CalDAV kuwa, ƙa'idar da manhajoji ke musayar kalanda da jerin aiki da ita, kowane abu a jerin zaman kansa yake: shinkafa daban, albasa daban. Karo ba ya faruwa sai in abu ɗaya tak mutum biyu suka taɓa, wanda ba kasafai ba ne. Don haka shawarata a raba aikin biyu. Dogon rubutu, kamar bayanin taron ƙungiya ko lissafin buhunan albasar Galmi da aka ɗora a mota, ya tafi manhajar rubutu. Jerin da mutane da yawa ke sokewa ya tafi CalDAV.

Nextcloud ce ke ba da duka biyun a saba ɗaya. Frank Karlitschek ya fara ta a 2016 bayan ya bar ownCloud, lasisinta AGPL. Bayan girkawa ana ƙara mata Notes da Tasks. Notes tana ajiye kowane rubutu a matsayin fayil na Markdown, rubutu zalla, cikin babban fayil na yau da kullum, wato ko ka bar Nextcloud gobe, rubutunka zai buɗe a kowace kwamfuta. Tasks ita ce ta jeri: ka buɗe jeri, ka raba shi da wani mai asusu, ka ba shi izinin gyara. Aibin Nextcloud nauyi. An rubuta ta da PHP, tana son rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL, kuma a ƙaramar na'ura shafinta yana jan ƙafa.

Sauran a taƙaice. Joplin ta fi kowa iya zama ba rezo, don duk rubutun yana cikin salularka, kuma tana iya kulle shi tun daga na'urar. Sai dai raba littafi da wani a sabarka yana buƙatar Joplin Server, shi kuma lasisinsa na amfanin kai ne ba na kasuwanci ba, saɓanin manhajar salular da ta kwamfuta. Mai butik ya lura da wannan. Memos ƙarama ce ƙwarai, ƙaramin rumbun bayanai na SQLite ya ishe ta, amma an gina ta don kowa ya rubuta nasa wasu su karanta. Vikunja ta ƙware a jeri da rabon aiki, da izini hawa uku, karatu kawai, gyara, ko cikakken iko, amma ƙarfinta a shafin intanet yake, rezo ya ɗauke ka tsaya. HedgeDoc na mutane da yawa su rubuta shafi ɗaya a lokaci guda ne, ba ta aiki sai da haɗi. Trilium ta mutum ɗaya ce. Obsidian da ake yawan ambata kyauta ce, amma ba buɗaɗɗiya ba ce. Wanda jeri kawai yake so, ba ruwansa da rubutu, Radicale ta ishe shi: ƙaramar sabar CalDAV ce ta Python, sai dai rabon jeri a cikinta da hannu ake yi a fayil ɗin izini.

Ina za a ajiye sabar? A nan ne yawancin bayanan da aka rubuta don Turai ba sa yi mana amfani. Suna cewa ka sayi Raspberry Pi 4, ƴar ƙaramar kwamfuta, ka sa katin SD. Pi ɗin yana cin wat 3 zuwa 7 kawai, wannan gaskiya ne, amma idan kuran ya yanke yana tsakiyar rubutu, katin SD na iya lalacewa har na'urar ta ƙi tashi. Ga zafi: da ya kai digiri 80 yake rage gudunsa da kansa, kuma a watan Afrilu da Mayu, da iskar ɗaki kanta ke haura 40, ba fanka zai kai can da wuri. In dole sai Pi, a ɗauki mai ƙwaƙwalwar giga 4, a sa masa faifan ajiya na SSD ta USB, da fanka, da caja mai volt 5 amfiya 3.

Tsohuwar kwamfutar cinya ta fi dacewa, don batirinta yana jikinta. A sa mata Debian, wani nau'in Linux, a buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf a sa HandleLidSwitch=ignore don kada ta yi barci in an rufe murfi. A ɗora ta kan abin da iska ke ratsawa, a riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu, a kuma duba batirin: wanda ke zaune cike cikin zafi yakan kumbura, in ka ga madannai sun fara tasowa cire shi. Kada a manta da akwatin intanet, shi ma sai da wuta. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 7 yana ɗauke da wat-awa 84 a takarda, rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, saboda haka kayan da ke jan wat 15 ba za su kai awa uku a kansa ba.

Matsala ta biyu ita ce shiga daga waje. Akwatin 4G galibi ba ya samun adireshin IP na kansa, kamfanin waya yana haɗa abokan ciniki da yawa a bayan adireshi ɗaya. Ka duba shafin akwatin: in adireshinsa na waje ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, buɗe ƙofa a akwatin ba zai yi komai ba. Mafita mafi sauƙi Tailscale ce, wadda ke haɗa salula da saba ta kulallen layin WireGuard ba tare da buɗe ƙofa ba. Manhajarta ta Android da Linux a buɗe take, amma sabar da ke haɗa na'urorin ta kamfanin ce. Mai tsananin ra'ayi yana iya maye ta da Headscale. Wahalar Tailscale ita ce kowace salula sai an sa mata, kuma sai tana kunne. Hanya ta biyu hayar saba a Turai. Ta yuro 5 a wata tana kamawa sefa 3,280, tunda yuro ɗaya 655.957 ne ba ya motsi, wato jika uku da ƴan kai. Babu batun kuran, babu zafi, amma sai da katin banki mai biya a waje, kuma bayananka suna ɗakin wani. Ga ƙungiya ko butik mai ma'aikata da ke yawo tsakanin Yamai da Tawa, hayar ta fi kwanciyar hankali. Ga gida ɗaya, kwamfutar cinya da Tailscale.

A salular Android ana buƙatar abu biyu daga F-Droid, kantin buɗaɗɗun manhajoji: DAVx5, wadda ke kai da kawo bayanai, da Tasks.org, wadda ake ganin jerin a ciki. A Play Store DAVx5 ta kuɗi ce, a F-Droid kyauta. A Nextcloud ka ƙirƙiro wa kowace salula kalmar sirrinta ta daban daga sashen tsaro, ta yadda in an sace ɗaya za ka soke tata kawai. Adireshin da DAVx5 ke so shi ne sunan sabar sannan /remote.php/dav. Idan aka raba maka sabon jeri ba ya fitowa da kansa, sai ka sabunta jerin kalandoji a DAVx5 ka zaɓe shi. Masu iPhone ba sa buƙatar waɗannan biyun, manhajar tunatarwa ta wayar tana karɓar asusun CalDAV.

Ƙorafin da aka fi ji shi ne "na soke amma bai fito wajenta ba". Sau da yawa laifin ba na saba ba ne. Salulolin Tecno, Infinix da itel suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai an shiga saituna an cire DAVx5 daga wannan takura an kuma ba ta izinin tashi da kanta. Ko an yi haka, mafi ƙarancin tazarar da take duba saba da kanta minti 15 ne. Wanda zai shiga kasuwa ya ja allon ƙasa ya sabunta tun yana bakin ƙofa. In kuma abu ɗaya aka taɓa daga wuri biyu, na saba ne ke tsayawa.

Wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: bincike ba ya ɗaukar k da ƙ a matsayin harafi ɗaya, haka d da ɗ. Wanda ya rubuta "ƙwai" da madannin Hausa, mai neman "kwai" ba zai gan shi ba. Ku yanke shawara tun farko ko da ƙugiya za a riƙa rubutu ko babu.

A kan sabar kanta, a sa cron.php, mai yin ayyukan Nextcloud na ɓoye, ya riƙa gudana kowane minti 5, a sa sunan sabar cikin trusted_domains a config.php, in ba haka ba za ta ƙi buɗewa. Wajen sabuntawa ba a tsallake babbar siga, daga 29 sai 30 kafin 31, don haka kada a bar ta shekara biyu ba a taɓa ba. Kwafin ajiya kuma abu uku ne: babban fayil ɗin bayanai, config.php, da rumbun bayanai. Na ukun shi ake mantawa, alhali jerin Tasks duk a cikinsa suke, ba a cikin fayiloli ba. Wanda ya kwafi fayiloli kawai zai dawo da rubutunsa na Notes ya tarar jeri babu ko ɗaya. A sa sabar a yanayin gyara da umarnin occ maintenance:mode --on, a fitar da rumbun da mysqldump ko pg_dump, a kwafe duka uku zuwa faifan da ba ya kwana a ɗaki ɗaya da kwamfutar, sannan a gwada maido da su a wata na'ura tun ba a shiga buƙata ba.