Duwatsu biyu a cikin inji

Jiya a jami'ar Legon da ke Accra ƙanina mai karatun ilimin duwatsu ya nuna mini bidiyon wani gwaji. Ana matse duwatsu biyu da inji, a riƙa tura ɗaya a hankali. Shiru, ba motsi, amma ƙarfi na ta taruwa. Can sai ya zame farat ɗaya. Ashe haka girgizar ƙasa ke farawa, tun 1966 masana biyu a Amurka, Brace da Byerlee, suka nuna hakan.

Nan take hankalina ya tafi Weija a gefen Accra, kusa da tsagar Akwapim, wato tsaga a ƙarƙashin ƙasa inda duwatsu kan zame kamar haka. A 1939 girgiza ta kashe mutum 17 a Accra. Mu kuwa a unguwar Nima bene kan bene muke ta ɗorawa, ba mai neman injiniya. Allah ya tsare.